Izinin Ɗakin Sanyi a Kurayyat

Shekarun baya, lokacin da sai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa ofis ya zauna kan kujerar roba kafin a duba masa takarda, ni mu'aƙƙibi ne a Jidda. Ga waɗanda ba su san aikin ba cikin masu bibiyata, mu'aƙƙibi shi ne mai yi wa mutane yawon takardu. Iƙamarka, wato takardar izinin zaman baƙo a ƙasar, ta kusa ƙarewa, ko shagonka yana bukatar sabon izini, sai ka miƙo min ka koma harkarka, ni in je in sha layi a madadinka. A unguwar Sharafiyya aka haife ni. Kakana ne ya zo hajji bai koma ba, mahaifina kuma ya samu zama ɗan ƙasa tun ana bayarwa ba wuya. Abin da na gada ke nan, takardar ɗan ƙasa da kuma baki. Ina da cika baki a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Nakan ce duk Jidda babu tagar ofis da ban san mai zama a bayanta ba, alhali rabinsu ko sallamata ba sa amsawa da kyau.

Ina da aboki tun muna yara muna buga ƙwallo a lungu. Iyayensa Hausawan Sudan ne, shi a nan aka haife shi, amma da iƙama yake zaune. Sana'arsa gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma Allah ya ba shi hannu. Mutum ne mara yawan magana. Idan ya tsuguna gaban injin da ya lalace ba ya tashi sai ya gano dalili, don a wurinsa babu abin da ke tsayawa haka kawai.

Shi ya auri ƙanwata. Da yake ita 'yar ƙasa ce shi kuma ba ɗan ƙasa ba, sai da aka nemi izinin hukuma kafin a ɗaura, kuma kowa ya ce mu haƙura, ba za a samu ba. Ni na ɗauki takardun na yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har Allah ya sa aka sa hannu. Ranar biki ban bar kowa ya ci shinkafa cikin kwanciyar hankali ba, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarin yadda na yi. Suka tare a wani ɗan gida a unguwar Bani Malik. Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba.

Ciwon daji ne ya kama ta a hanta. Aka yi magani iya yi, har ranar da likita ya kira mu gefe ya ce mu kai ta gida ta zauna cikin danginta. Duk mun gane abin da yake nufi. Muka dawo da ita gidan mahaifiyata a Sharafiyya, aka gyara mata ɗakin da ta tashi a ciki. Kun san halinmu, duk wanda ya zo dubiya ya ce ya jiki, sai mu ce da sauƙi. Ita ma haka take cewa, ko da ba ta iya ɗaga kofi.

Wata ranar bayan la'asar abokina ya same ni a wurin mai shayi, ya ja ni gefe, ya miƙo min wayarsa. Wani bidiyo ne na ƙasar Turawa. Wai akwai wurin da ake daskarar da mutum da zarar ya cika, a sa shi cikin doguwar tukunyar ƙarfe mai sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, a ajiye shi har ranar da likitoci za su gano maganin cutarsa su farkar da shi. Na kalla na yi dariya, na ce Turawan nan ba su rasa abin yi. Da na ɗago sai na ga shi ba dariya yake ba.

Ya ce, “Na fahimci injin, ya akhi, ɗan'uwana. Ba wani abu ba ne da ya fi ƙarfina.”

Na ce, “A'uzubillahi. Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa?”

“Ban ce zan tayar da kowa ba. Rai na Allah ne. Ni ajiya na sani, ita ce sana'ata tun ina yaro.”

Ya ce ba shi da halin kai ta can, ko da yana da shi Umma, mahaifiyarmu, ba za ta bari a fitar da ita ba. Amma akwai wani sito a unguwar Kurayyat, nan cikin Jidda, da ya daɗe a rufe, ya yi magana da mai shi. Abin da ya rage izini ne daga baladiyya, ofishin da ke duba gini da wuraren sana'a. Shi mai iƙama ne, ba za a ba shi da sunansa ba, sai da nawa. Na ce masa halas, wato ya isa haka, ya bar maganar nan a inda take, ba abu ne mai yiwuwa ba, ba a addini ba, ba a hukuma ba.

Ya dube ni ya ce, “A aurenmu ma haka aka ce maka.”

Bakina ne ya dawo ya same ni.

Daga ranar ya fara ɓacewa. Da safe kafin ta farka ya fita, ba ya dawowa sai an ba ta maganin da ke sa ta barci. Ya tsaya bakin ƙofa ya kalle ta, ya yi wanka, ya kwanta a falo. Wata rana ina zaune kusa da ita ina ɓare mata lemo, sai ta ce, “Yaya, ina mijina yake zuwa?”

Na ce yana nemo mata wata takarda ce.

Ta yi murmushi irin na wadda ta san yayanta. “Kai da takarda. Ni ba takarda nake so ba. Na san inda na dosa, ba yarinya ba ce ni. Ka dawo min da shi ya zauna nan. Ko bai ce komai ba, dama ba magana yake ba. Ya zauna kawai in riƙa ganinsa.”

Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne, ta bar min.

A hanyar gida na tsara dabarata, har ina yaba wa kaina. Tunda ni bai ji tawa ba, zan kai shi baladiyya da kaina, ya ji daga bakin hukuma an ce masa haramun ne, an hana. Mutumin da ya tashi da iƙama a aljihu ba ya musu da mai zama bayan taga. Zai sha kunya, ya yi fushi da ni kwana biyu, ya dawo gefen matarsa.

Akwai wani dattijo a sashen izinin gine-gine da na sani, mutumin kirki, mai haƙuri da jama'a. Wurinsa na kai shi. Dattijon ya tambaya wace sana'a za a yi a wurin. Na yi zaton abokina zai kewaye, sai ya faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan, har da sunan iskar da ake sanyaya tukunyar da ita. Dattijon ya cire tabarau ya ajiye. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Ya ce masa da Larabci, a hankali, “Ya waladi, ɗana, wanda za a sa a ciki, mai rai ne ko matacce?”

Abokina ya ce, “Tsakani.”

“Babu tsakani a wurina. Idan mai rai ne, asibiti ke nan, ba ni ke ba da izininsa ba. Idan matacce ne, haƙƙinsa a yi masa wanka a kai shi makwancinsa. Ba hukumar lafiya da za ta yarda da wannan, ba malamin da zai sa maka hannu. Wa ke gare ka mara lafiya?”

“Matata.”

Dattijon ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce ya koma gida ya zauna da ita. Na ji sanyi a raina, na ce aiki ya yi. Har na miƙe. Sai abokina ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, “Tayyib, ammi, na ji. To idan ɗakin sanyi ne kawai, na ajiya, ba a faɗi abin da za a sa ba, mene ne sharuɗɗansa?”

Tambaya ce da aikinsa ya wajabta masa amsawa, ya kuwa amsa, ina jin da fatan yawan sharuɗɗan zai kashe masa gwiwa. Dole wurin ya kasance a yankin da aka ware wa sito, ba cikin gidajen mutane ba. Ya yi nesa da makaranta da masallaci gwargwadon yadda aka ƙayyade. A samu janareta da zai tashi da kansa idan wuta ta ɗauke. Bango da rufi su zama na hana zafi shiga. A yi magudanar ruwa. Maƙwabta na dama da hagu su sa hannu sun yarda. Masu kashe gobara su zo su duba. Sannan ƙofar ɗakin sanyin ta zama ana iya buɗe ta daga ciki.

Ni ina jin jerin nan ina jin tsaunuka. Shi kuwa gyaɗa kai yake, irin yadda yake yi idan mai firji yana faɗa masa abin da ke damun injin. Zancen hukumar lafiya da malamai ya bi ta bayan kunnensa ya wuce. Abin da ya shiga shi ne akwai sharuɗɗa, kuma sharaɗi abu ne da ake cikawa.

A mota na so in mai da abin wasa ko zai farga. An sa sharaɗin ƙofar ne don kada ma'aikaci ya maƙale a ciki sanyi ya kashe shi, kowa ya sani. Na ce, “To kai naka ɗakin, wa zai buɗe daga ciki?”

Bai ko juyo ba ya ce, “Ita.”



Da farko na ƙi sa sunana. Ya ce ba komai, zai nemi wani ɗan ƙasa ya biya shi. Na san irin mutanen da ke ba da sunansu haya, na kuma san yadda suke ƙarewa da mai iƙama idan abu ya ɓaci. Sai na sa nawa, ina ce wa kaina gara abin ya zauna a hannuna. Ina kuma da yaƙinin zai kakare a sharaɗi na farko ko na biyu.

Bai kakare ba. Siton ya faɗa cikin yankin da aka yarda, sai da ya bincika kafin ya zaɓe shi. Nisan masallaci ya gaza kaɗan ta ƙofar gaba, sai ya toshe ta ya fasa wata ta baya. Ya sayar da motar aikinsa ya sayi janareta na hannu, ya warware shi gaba ɗaya ya sake haɗawa. Bangon da hannunsa ya liƙa, falle bayan falle. Maƙwabcinsa na dama mai sayar da taya ne, na hagu wani Bayamane mai ajiye buhunan shinkafa. Suka tambaya me za a ajiye, ya ce amana. Suka ɗauka dabino ne ko kifi, suka sa hannu har da yi masa fatan alheri. Duk lokacin da na kai takardun aka ce akwai abin da bai cika ba, sai in ji daɗi in kawo masa labari da fuskar jimami. Shi kuma ya ce madalla, an nuna masa inda matsalar take, ya koma ya gyara.

Na je Kurayyat na same shi ba sau ɗaya ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo aya na kawo hadisi, ni da ko a makaranta ba a san ni da karatu ba. Rannan har na ci kwalarsa. Ya bari na gama, ya gyara rigarsa, ya ce in riƙe masa tsani. Ya rame, idanunsa sun faɗa, hannuwansa duk yanka. Wurin kuwa tsaf, ko ƙura babu. Ban taɓa ganin aiki mai kyau da ya ba ni tsoro kamar wannan ba.

Na koma wurin dattijon ni kaɗai. Na ce, “Ammi, don girman Allah ka rubuta masa an hana. Ka buga hatimi. Ba zai ji magana ba sai ya ga hatimi.”

Ya ce ba zai iya hana abin da ba a nema ba. Abin da ke gabansa ɗakin sanyi ne na ajiya, halal ne, kuma mutumin yana cika sharuɗɗa fiye da manyan 'yan kasuwa. Idan kuwa ya rubuta ainihin abin da aka faɗa masa da baki, maganar za ta bar teburinsa ta tafi inda ba shi da iko. Za a kira abokina a yi masa tambayoyi, kuma mai iƙama idan aka fara yi masa irin waɗannan tambayoyin, ba a san inda za a tsaya ba. Ana iya tsare shi, ana iya fitar da shi daga ƙasar. Ya ce, “Kana so ta rasa shi gaba ɗaya?” Na fito na zauna cikin mota ban kunna ba, ga zafin Jidda, ina ta zufa. Duk tagogin da nake taƙama da su, babu wadda zan je in karɓo kalmar a'a.

Ƙarshe dai na faɗa wa mahaifiyata komai. Ta yi salati ta daɗe tana yi. Da ya dawo ta tare shi a falo, ta ce, “Ɗana, zauna.” Ya durƙusa gabanta. Ba ta yi masa faɗan addini ba kamar yadda na zata. Ta ce, “Yarinyar nan kullum idonta na kan ƙofa. Duk wanda ya taɓa labule sai ta ɗaga kai. Me na yi maka da za ka bar ni da wannan?”

Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, “Umma, idan na zauna ina kallonta, na yarda ke nan. Ba zan iya zama hannu sake ba. Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan. Masu kashe gobara kawai suka rage. Suna zuwa su duba, zan dawo in zauna, ba zan ƙara fita ba.”

Washegari ya shiga ya zauna da ita na ɗan lokaci. Ina jin su daga falo, tana tsokanarsa wai ya zama baƙo sai an yi masa shimfiɗa. Ta ce ya yanke mata farce, ya yanke. Sai wayarsa ta yi ƙara, mai kawo ƙofar ɗakin sanyin ne ya iso Kurayyat. Ya ce mata yanzu zai dawo. Ita ba ta taɓa sanin abin da yake ginawa ba. Ni da Umma mun yi shawara mun ga babu amfanin ta tafi da wannan a zuciyarta.

Ranar da masu kashe gobara suka sa za su zo, ta tashi da wani irin sauƙi da ya ba mu mamaki. Ta nemi shayi da na'ana'a, ta sha rabi. Ta sa Umma ta taje mata kai. Umma ta fito ta same ni a tsakar gida, fuskarta ta canja, ta ce, “Kira shi. Wannan sauƙin ba na zama ba ne.”

Na kira, wayar ba ta shiga. Na sake, na sake. Daga baya na gane dalili: yana cikin ɗakin da ya liƙe da hannunsa, bangon da ba ya barin zafi ya shiga ba ya barin kira ma ya shiga. Na ɗauki makullin mota zan tafi Kurayyat in ɗauko shi. Na leƙa in ce mata ina zuwa, sai ta kama bakin hannun rigata.

“Yaya, kar kai ma ka tafi.”

Na zauna. Ta ce, “Ya dawo?” Na ce yana hanya. Ta rufe ido, can ta buɗe ta sake tambaya. Na ce ya kusa, cunkoso ne a titi. Ta ce, “Kullum cunkoso.” Umma tana gefe tana laƙƙana mata kalmar shahada, tana bi a hankali. Ana kiran azahar a masallacin unguwa ta cika, hannunta na riƙe da rigata.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Muryarsa ce, rabon da in ji ta da haske haka tun kafin ciwon. “Ya akhi, an wuce! Sun gwada ƙofar, sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Gani nan zuwa, ka ce mata gani nan.” Shirun da na yi ne ya faɗa masa.

Da yake a gida ta rasu, sai da aka kai ta asibiti likita ya tabbatar, aka sa ta a ɗakin ajiye gawa kafin takardar izinin binnewa ta fito. A can ya same mu. Na ɗauka zai tayar da rigima ya ce sai an ba shi ita ya kai Kurayyat, har na tsaya kusa da shi don in riƙe shi. Ya ce yana so ya gan ta. Ma'aikacin wurin ya jawo akwatin ƙarfen da take ciki. Abokina ya ɗaga mayafin, ya ɗora tafin hannunsa a goshinta, ya daɗe a haka.

Sai ya ce, “Ku fito da ita. Ba ta son sanyi.”

Gaskiya ya faɗa. Tun tana ƙarama, a tsakiyar zafin Jidda da bargo take kwana. Shi da ke sanyaya gidajen mutane, a nasa gidan fanka suke kunnawa saboda ita. Duk watannin nan da yake liƙa bango, ban san inda wannan ya shige masa ba, ni ma kuma ban tuna in faɗa masa ba. Sai da hannunsa ya taɓa.

Ya juyo gare ni ya ce, “Yalla, maza je ka karɓo takardar. Kar ta daɗe a nan.” Na je. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa karɓar takarda da sauri irin ta ranar ba. Babu layi, babu sharaɗi, babu wanda ya ce in dawo gobe. Ya sa hannu a matsayin miji, aka yi mata wanka, muka sallace ta bayan magariba. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Bai ƙara taka Kurayyat ba. Ni na je na janye takardun, na mayar wa mai siton makullinsa. Na ji an ce wani mai dabino ne ya kama wurin, yana ta yabon wanda ya yi aikin. Dattijon baladiyya ya zo mana ta'aziyya har gida, ya zauna a ƙarshen tabarma ya yi mata addu'a.

An daɗe yanzu. Na bar yawon takardu, dama yawancinsu sun koma cikin waya. Mutane sukan so in ce ga darasin da na koya, ni kuwa abin da na iya gani kaɗan ne. Na ga mutum zai iya gudun abin da yake tsoro ta hanyar aiki tuƙuru, har kowa ya ɗauka ƙoƙari yake. Ban ɗora masa laifi ba, son ta ne ya yi masa yawa har ya rasa inda zai sa shi. Ban ɗora wa dattijon ba, gaskiya ya faɗa tun ranar farko. Amma rashin wanda za a ɗora wa laifi bai rage min komai ba. Ƙanwata abu ɗaya ta roƙe ni a duk rayuwarta, na ce mata ƙaramin aiki ne, kuma har ta koma ga Allah ban kawo mata shi ba. Har yau idan na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, kuma ban ga alamar zai daina ba.

Abokina yana nan a Bani Malik, a gidan nan dai, bai sake aure ba. Duk Juma'a yakan zo ya gai da Umma, mu ci abinci, mu yi hirar ƙwallo da tsadar haya. Shekaru muka yi ba wanda ya ta da zancen ranar. Sai bara, muna wanke hannu bayan cin abinci, ba tare da ya dube ni ba ya ce, “Ranar nan, ta neme ni?”

Na ce a'a, barci take yi, cikin barci ta tafi.

Ya ci gaba da murza sabulu, ya ɗauraye, ya rufe famfo. Ya ce, “Ƙarya kake, ya akhi. Na san matata.”